Tankin Murjani a Gida: Mai Haɗe da Komai ko Mai Tankin Ƙasa?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar kiwon murjani da kifayen teku a cikin gidansa, akwai shawarar da ya kamata ya yanke tun kafin ya sayi gishiri ko fitila ko kifi, wato ta wace hanya ruwa zai riƙa fita daga tankin gilashin, a tace shi, ya dawo. Ana iya sauya fitila a kowane lokaci, haka ma injin tura ruwa, amma tsarin bututu, da zarar an cika tanki, an jera duwatsu, murjani ya kama, sauya shi yana nufin kwashe komai a sake sabon lale. Hanyoyin da ake bi uku ne. Akwai tanki mai haɗe da komai, wanda aka ware wani siririn ɗaki a bayansa domin kayan tacewa. Akwai tankin da aka huda gilashinsa, ruwa ya riƙa sauka ta bututu zuwa wani tanki na biyu da ke ɓoye cikin kabad a ƙasa. Sai kuma tankin da ba a huda ba, amma aka rataya masa akwatin zuƙo a baki domin ya kai ruwa ƙasan. Abin da nake auna su da shi ba kyawun gani ba ne, ba kuma araha ba. Abin da ke faruwa ne a lokacin da aka ɗauke wuta, da lokacin da aka dawo da ita babu kowa a gida, da kuma ranar da wani abu ya toshe bututu.

Kafin a shiga kwatancen, ya kamata a san abin da ruwan ke buƙata, domin shi ne ke nuna amfanin kowane tsari. Murjani dabba ne, kuma yawancin nau'o'in da ake kiwo suna rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin jikinsu suna sarrafa haske su ba su abinci. Ruwan da suka saba da shi yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, abin da ma'aunin nauyin ruwa ke nunawa tsakanin 1.025 da 1.026, da ɗumi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Masu ƙashi daga cikinsu suna cin sinadarin kalsiyam, wanda ake so ya tsaya tsakanin 400 da 450 a ma'aunin kashi cikin miliyan. Duk waɗannan lambobi, tsayuwarsu wuri ɗaya ta fi dacewarsu daidai muhimmanci, kuma ruwa mai yawa ya fi ruwa kaɗan jinkirin sauyawa. Idan lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 50, ƙarfin gishiri a ruwan da ya rage ya ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100, domin ruwa ne ke tashi, gishiri ba ya bin sa. Idan lita 2 ɗin ce ta ƙafe daga lita 400, da ƙyar ma'auni zai nuna.

Tanki mai haɗe da komai shi ne mafi sauƙin fahimta. Ruwa yana tsallake wani bango mai haƙora a saman ɗakin baya, ya bi ta audugar tacewa, ya wuce ta wurin hita da sauran kaya, sannan ƙaramin inji ya mayar da shi gaba. Kamfanoni irin su Fluval da Innovative Marine da Waterbox da Red Sea duk suna yin irinsa, kuma Fluval Evo mai lita 52 yana cikin waɗanda masu farawa suka fi saya. Babbar falalarsa ita ce ruwan ba ya barin akwatin gilashin ko kaɗan. Babu bututun da zai yi yoyo, babu gam da za a jira ya bushe, kuma idan aka ɗauke wuta ruwan gaba da na baya suna daidaita ne su tsaya cik, idan ta dawo inji ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ga wanda ke zaune a bene, ko gidan haya, ko garin da wuta ke zuwa tana komawa sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramar kwanciyar hankali ba ce.

Amma ƙuncin ɗakin bayan yana da tsada irin tasa. Faɗinsa sau da yawa bai wuce shigar hannu ba, don haka na'urar kumfa, wadda ke cakuɗa ruwa da iska ta fitar da dattin jikin kifi da ragowar abinci kafin su ruɓe, dole ta kasance ƙarama, ƙananan kuwa sun cika wuyar saiti. Duk ruwan da ya ƙafe, a ɗakin injin ake ganin raguwarsa, kuma da yake ɗakin ba ya ɗaukar fiye da 'yan litoci, yini ɗaya ko biyu na iskar hunturu sun isa su sa inji ya fara zuƙar iska yana fesa kumfa, har ya ƙone idan ba a lura ba. Saboda haka na'urar da ke ƙara ruwa marar gishiri da kanta idan ya ragu ta zama wajibi a nan. Datti kuma yana taruwa a gindin ɗakunan inda ba a gani, sai an riƙa zuƙe shi da tiyo. Muddin tankin bai wuce lita 150 ba, kuma abin da za a kiwata murjani ne mai laushi da kifaye biyu ko uku, duk waɗannan matsaloli ne da ake iya zama da su. Idan ya wuce haka, ɗakin bayan yana cinye faɗin da ya kamata a ba duwatsu, ba ya kuma ɗaukar kayan da babban tanki ke buƙata.

Tankin ƙasa yana warware ƙuncin gaba ɗaya. Yana ƙara yawan ruwa, yana ɗauke hita da wayoyi da na'urar kumfa daga idon mai kallo, yana ba da wurin da za a shuka ciyawar teku ta riƙa shanye sinadaran da ke haddasa gansakuka, kuma yana sa tsayin ruwan tankin sama ya tsaya wuri ɗaya kullum, domin ƙafewar tana bayyana ne a ƙasa. Tsarin da masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka shahara da shi tun shekarun 1970, wanda ya dogara ga duwatsu masu rai, wato masu ɗauke da bakteriya da ƙananan halittun teku, da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa mai kyau, ya fi samun wurin zama a irin wannan tanki. Farashin wannan duka shi ne ruwa ya fara tafiya a wajen gilashi, kuma daga nan ne duk wata ambaliya a falo ke farawa.

A kan akwatin zuƙo da ake ratayawa ba zan daɗe ba, domin ban ga dalilin da zai sa mai sabon tanki ya zaɓe shi ba. Yana aiki ne kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: ruwa yana hawa ya tsallake bakin gilashi ta lanƙwasasshen bututu, kuma hawan yana ɗorewa ne muddin babu iska a ciki. Ƙananan kumfa suna taruwa a ƙololuwar lanƙwasar sannu a hankali, kuma ranar da suka yanke zuƙon, injin da ke ƙasa ba shi da labari, zai ci gaba da turo ruwa sama har tanki ya cika ya malala. Wasu nau'o'in suna zuwa da ƙaramin injin da ke tsotse iskar, amma hakan yana nufin an rataya lafiyar ɗaki a kan wani ƙaramin inji da shi ma yana toshewa. Uzurinsa ɗaya ne, wato tankin da ya riga ya cika da halittu, ko wanda gilashinsa ba ya hudawa.

Wannan batu na gilashi yana buƙatar kulawa. Gilashin da aka ƙarfafa da zafi ba ya karɓar huda, yana tarwatsewa ne gaba ɗaya zuwa ƙananan tsakuwoyi da zarar haƙorin inji ya ratsa shi, kuma masana'antu da yawa suna sa irinsa a gindin tanki ko da bangarorin na gilashi ne na yau da kullum. Ana gwadawa ta hanyar ɗora allon kwamfuta mai haske a bayan gilashin a duba ta tabarau mai tace ƙyalli ana juya shi. Idan an ga tabo-tabo ko layuka, a bar shi. Gilashin da ya halatta ana huda shi da abin huda mai bakin daimon, ruwa na zuba a kai, ba tare da dannawa ba, kuma a bar tazarar da ba ta gaza faɗin ramin ba tsakaninsa da gefen gilashi. Mahaɗin bututu mai inci 1 yawanci yana son rami mai milimita 45, amma a sayi mahaɗin tukuna a auna shi kafin a taɓa gilashi. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya sayi tankin da aka huda tun daga masana'anta.

Idan an huda, sai zaɓi na biyu ya taso, kuma a nan ne bambanci ya fi yawa: bututu nawa za su sauke ruwan. Tsohon tsari shi ne na bututu ɗaya da ake kira Durso, da sunan Richard Durso da ya yaɗa shi. Bututu ne a tsaye cikin akwatin malala, wato akwatin da ruwan saman tanki ke tsallakawa ya zuba cikinsa kafin ya sauka, bakinsa ya sunkuya ƙasa cikin ruwa, a samansa akwai murfi mai ɗan rami da iska ke shiga. Ya rage ƙarar kwankwaɗar da buɗaɗɗen bututu ke yi, amma da yake ruwa da iska ne ke sauka tare, ba ya yin shiru sosai, yana cika tankin ƙasa da kumfa, kuma fantsamar kumfar tana barin ɓawon gishiri a jikin kabad da wayoyi. Ɗan ramin iskar ma gishiri yana toshe shi, sai a ji ruwa yana hawa yana sauka da gurnani. Abin da ya fi damuna da shi shi ne ba shi da mataimaki. Dodon koɗi guda, daga cikin waɗanda ake sawa su ci gansakuka, idan ya shiga ya maƙale a gwiwar bututu, zance ya ƙare.

Tsarin Herbie yana amfani da bututu biyu. Na farko bakinsa yana nutse sosai a ƙarƙashin ruwa, kimanin santimita 15 ƙasa da na biyu, kuma an sa masa bawul da ake matsewa har sai ruwan da ke sauka ya yi daidai da wanda inji ke turowa, ta yadda bututun zai cika fal babu iska ko kaɗan. Bututun da ya cika haka ba ya ƙara, kuma yana ɗaukar ruwa fiye da ninki biyu na abin da Durso mai faɗi ɗaya zai ɗauka cikin natsuwa. Mai inci 1 yana sauke fiye da lita 3,000 a awa idan zurfin faɗuwar ya kai mita guda. Na biyun yana tsaye a buɗe, bakinsa a sama, yana jiran ranar da na farko zai gaza, kuma idan ya fara karɓar ruwa da yawa yana yin ƙara mai tayar da mai barci, wadda ita ce ƙararrawar tsarin. Manyan tankunan da ake sayarwa a shirye, irin su Red Sea Reefer, kusan wannan tsari suke bi. Rauninsa shi ne saitin yana gocewa. Audugar tacewa ta yi datti, ko ƙarfin wuta ya ragu inji ya sassauta, ko gansakuka ta ɗan rage faɗin bututu, sai a koma ana murɗa bawul.

Tsarin Bean Animal ya ƙara bututu na uku domin maganin wannan gocewar. Akwai mai cikakken zuƙo da bawul ɗinsa, akwai na gaggawa da ke zaune a bushe, sannan a tsakaninsu akwai buɗaɗɗen bututu mai shan iska wanda ke karɓar ɗan rarar da ta tsallake na farko, tana gangarawa a jikin bangonsa ba tare da ƙara ba. Saboda wannan na tsakiyar, ba sai saitin bawul ya zama daidai wa daida ba, tsarin yana gyara kansa. Akwai kuma wata dabara a cikinsa da ta cancanci yabo: siririn tiyon da ke ba shi iska ana lanƙwaso bakinsa a ɗaure shi ɗan sama da tsayin ruwa, ta yadda idan ruwa ya hau ya rufe bakin, iska ta yanke, sai bututun ya rikiɗe ya zama mai cikakken zuƙo ya kwashe ruwan da sauri. Kafin ruwa ya taɓa ƙasan ɗaki, sai bututu uku sun toshe a lokaci ɗaya. Kuɗinsa ramuka uku ne maimakon biyu, da akwatin malala mai faɗi, da cunkoson bututu a bayan tanki. Ga tankin da ya kai lita 300 zuwa sama, musamman inda wuta ke yawan yankewa, domin kowace dawowarta sai zuƙon ya sake kamawa daga farko kuma a cikin waɗannan mintuna sauran bututun ne ke riƙe da ruwan, ni Bean Animal zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Tsakanin lita 150 da 300, Herbie ya wadatar, muddin bututun gaggawar bai gaza na farko faɗi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke raba tsarin da ke aiki da wanda ke wahalar da mai shi. Bawul ɗin bututun zuƙo ya kasance mai murɗawa zagaye da yawa, wanda ƙofarsa ke sauka a hankali, domin mai hannu ɗaya da ake juyawa kwata ba ya ba da saiti mai laushi, ɗan taɓi kaɗan sai ya wuce. Kada a taɓa sa bawul a bututun gaggawa. Bakin bututun zuƙo a tankin ƙasa ya nutse kimanin santimita 2 zuwa 3 kawai, domin idan ya yi zurfi iskar da ke ciki ba ta samun fita, zuƙon ya ƙi kamawa bayan an dawo da wuta. A guji doguwar tafiya a kwance, kuma inda za a iya sa gwiwa biyu masu digiri 45 a maimakon ɗaya mai 90, a yi hakan. Zoben robar mahaɗin rami yana zama ne a ɓangaren da ke da faffaɗan kai, a kan gilashi mai tsabta, a ɗaure da hannu a ƙara kwatan juyi. Matsewa da sifana tana tsaga mahaɗin ko gilashin. Kada kuma a bar mai aikin famfo ya sa ko da guntun tagulla ko jan ƙarfe a layin, domin ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Tsakanin bututun roba mai tauri na PVC da tiyo mai laushi, kowanne yana da wurinsa. Mai taurin, idan aka haɗa shi da gam aka bar shi awa 24, ba ya lanƙwashewa ba ya zamewa, shi ya sa ya fi dacewa da layukan saukar ruwa, sai dai a sa mahaɗi mai warwarewa kusa da kowane bawul da inji domin ranar wanki. Tiyo kuwa yana shanye girgizar inji, don haka guntunsa tsakanin inji da bututu mai tauri yana rage gunjin da kabad ke yi, amma a ɗaure shi da maɗaurin roba, ba na ƙarfe da zai yi tsatsa ba, kuma mai duhu ya fi mai haske domin gansakuka ba ta tsirowa a cikinsa. A kula da ma'auni: kayan Amurka da inci suke, na Turai da yawancin tankunan da ake sayarwa a shirye da milimita 25 da 32 suke, kuma ba sa shiga juna sai da mahaɗi na musamman.

Injin da ke mayar da ruwa sama bai kamata ya yi girma ba. Ya isa ya zagaya da ruwan tanki sau 3 zuwa 5 a awa, wato lita 900 zuwa 1,500 ga tanki mai lita 300, bayan an cire abin da hawa da gwiwoyi ke ragewa daga lambar da ke jikin kwali. Guguwar ruwan da murjani ke so, wadda ta ninka haka sau da yawa, aikin ƙananan injinan da ake mannawa a cikin tankin ne. Tsofaffin injina masu gudu ɗaya, irin na Eheim da Sicce, sun yi suna wajen daɗewa, kuma idan sun yi ƙarfi ana rage su da bawul a bakin fita, ba a bakin shiga ba. Sababbi masu akwatin saiti, irin na EcoTech da Jebao, ana rage gudunsu da maɓalli, suna tashi a hankali, ba su cika cin wuta ba, kuma sun fi sauƙin ɗorawa a kan batir, sai dai akwatin saitin ba ya jure hawa da saukar wuta, yana son abin kariya. Duk injin da ke nutse yana zuba zafinsa ne cikin ruwa, kuma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan abin lissafi ne, domin ruwan da ya daɗe sama da digiri 30 yana sa murjani ya kori tsirran jikinsa ya yi fari. A irin wannan yanayi tankin ƙasa yana da ƙarin riba, domin a nan ake ɗora fanka a kan ruwa, a nan kuma ake haɗa na'urar sanyaya ruwa ba tare da an zuro tiyo ta saman gilashi ba. Ko wane tsari aka zaɓa, inbata ko batir da zai riƙe aƙalla inji ɗaya mai motsa ruwa ya zo gaban sayen kifi, domin iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan awoyi a ruwa mai ɗumi da ya tsaya.

Saura lissafin da bai kamata mai tankin ƙasa ya tsallake ba. Idan inji ya tsaya, ruwan sama yana ci gaba da sauka har ya kai ƙasan haƙoran akwatin malala, kuma bututun da ke kai ruwa sama yana juyewa ya zama mai zuƙo, yana janyo ruwa baya har sai bakinsa ya sha iska. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, kowace santimita ɗaya ta tsayin ruwansa lita 6 ce. Idan ya sauka santimita 3, lita 18 ke nan, ban da abin da ke cikin bututu da na'urar kumfa. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da zai karɓi wannan duka har da rara. Wasu suna dogara ga bawul mai hana komawa baya, amma ƙwayar yashi ɗaya ko ƙaramar tsutsar teku da ta yi gida a bakinsa ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba za a sani ba sai ranar da ake buƙatarsa. Ɗan ramin da ake hudawa a bututu a ƙarƙashin fuskar ruwa domin ya karya zuƙon shi ma yana toshewa da gishiri da gansakuka. Abin dogaro shi ne a ɗora bakin bututun kusa da fuskar ruwa, yadda ko komai ya gaza, abin da zai sauka ba zai fi ƙarfin tankin ƙasa ba.

Ana tabbatar da wannan ne da ruwan famfo, kafin gishiri ya shiga. A cika tsarin, a shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, a bar shi yana gudu kwana biyu. Sannan a zare filogi a tsaya ana kallo har ruwa ya daina sauka, idan tankin ƙasa bai malala ba sai a ja layi a jikinsa daidai inda ruwan ɗakin inji yake tsayawa lokacin da tsarin ke gudu, a san cewa ba a ƙara ruwa ya wuce wannan layi. A mayar da filogi a ga ko zuƙon ya kama da kansa cikin 'yan mintuna ba tare da an taɓa bawul ba, a maimaita sau da yawa. Daga nan a rufe bawul ɗin gaba ɗaya inji na gudu, a ga ko bututun gaggawa shi kaɗai zai ɗauke ruwan. Idan ya ɗauke, a zubar da ruwan gwajin, a cika da ruwan da na'urar tacewa ta cire wa duk wani narkakken sinadari, a zuba gishiri, a ba ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa dattin kifi makonni 4 zuwa 6 su zauna a duwatsu kafin a sa kifi na farko.